Ciwon Yaya Rakiya da awon jini bai nuna ba

Da yardar mai ciwon nake rubuta wannan. Ita ta ce in rubuta don wata ta amfana, amma in sauya sunaye, na kuwa sauya. Zan kira ta Yaya Rakiya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ce babba. Tana aure a Djougou inda aka haife mu, ni kuma aure ya kawo ni Parakou, ina da keken ɗinki a ƙofar gidanmu a unguwar Ladjifarani. Mijinta, Alhaji Mamudu, falken shanu ne, ya fi kwana a kasuwannin Borgou a kan ɗakinsa. Ita kuwa tana sarin wagashi, wato cukun nono, a hannun matan Fulani tana sayarwa a kasuwa.

A ƙarshen damina ta iso mini ba sanarwa, da ƙullin kaya ɗaya. Ta ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, ya ƙi sakinta, an yi mata allurai a Djougou ba sauƙi, shi ne Alhaji ya ce ta zo nan a duba ta sosai. Ta rame har zoben hannunta yana juyawa.

Makon farko a layin asibiti ya ƙare. Mu fita da sassafe, mu bi layin karɓar kati, mu bi na biya, sannan mu zauna a benci har rana ta take. Likitan da muka gani bai ko ɗago kai sosai ba, ya tura mu awon jini. Awo ya fito babu palu. Ya ce to wataƙila taifod ce, ya rubuta odonansi, takardar magani, mai tsawo, muka kwaso magani a farmasi. Ta shanye shi tas, ba abin da ya sauya sai aljihuna.

Ni dai tun ranar farko ciwon ya ɗaure mini kai. Na yi jinyar masu palu da yawa, na san rawar sanyinsa da zufar da ke biyo baya. Na Yaya ba haka yake ba. Jikinta yakan yi ɗumi kaɗan, amma abin da ya fi yawa shi ne rashin barci da rashin cin abinci. Sannan ga wanka. Ta yi da safe, ta yi da hantsi, kafin la'asar ta sake, har randunanmu suka riƙa ƙarewa da wuri. In za ta zauna, sai ta jingina da bango tana fuskantar ƙofa. Maigidana, Malam Isiyaku, mahauci ne, kuma shi da Yaya abokan wasa ne tun aurenmu, takan ce naman da yake kawo wa gida ƙashi ya fi tsoka yawa. Yanzu da ta ji sallamarsa sai ta tashi ta shige ɗaki. Na yi ta tambayar kaina wane irin zazzaɓi ne ke gudun sallama.

A mako na biyu shawarwari suka fara zuwa. Hajiya Ladi, yayar Alhaji Mamudu, wadda ke riƙe da yaran a Djougou, ta kira ta ce ba ciwon asibiti ba ne, iska ce, tunda Yaya na shiga rugage da tsakar rana. Ta aiko da hayaƙi da rubutu. Maƙwabciyata ta kawo saiwoyi ta ce a dafa da jar kanwa. Malam Isiyaku ya ce shi a ganinsa hawan jini ne. Duk muka gwada, don wanda ya kawo maka magani ya so ka ne, amma hayaƙin nan tari kawai ya ƙara mata.

A makon ne abubuwa biyu suka faru da na kasa fassarawa. Wani mutum ya zo karɓar ɗinkin matarsa, ya sha turare mai ƙarfi, irin na maza da ake sayarwa a ƙananan kwalabe. Yaya na zaune nesa, amma ƙamshin na isa gare ta sai amai. Na biyu kuma, na ga kayanta sun yi mata yawa, na ce bari in rage mata riga. Na ɗauko tef na zagayo ta baya zan auna ƙugunta, ta zabura ta buge hannuna har tef ɗin ya faɗi. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba, sannan ta ba ni haƙuri. Tun ina yarinya nake kwana a bayanta, ban taɓa ganin ta ji tsoron hannuna ba.

Na tambaye ta ko akwai inda ke mata ciwo da ba ta faɗa wa likita ba. Da ƙyar ta ce mararta, kuma tana jin zafi in za ta yi fitsari. Na ce me ya hana ta faɗa? Ta ce likitan namiji ne, kuma ƙofar a buɗe take, mutane na leƙe.

A mako na uku Alhaji Mamudu ya kira wayata. Ya tambayi jiki, ya ce shi ba zai samu zuwa ba sai an tashi kasuwa, amma ya ba wani dillalinsa doya da man shanu ya kawo mana, gobe zai iso. Wannan dillalin ba zan ba shi ko sunan ƙarya ba. Ya yi shekaru yana bin Alhaji, yana cin tuwo a gidan, yaran suna ce masa kawu. Na ajiye waya na faɗa wa Yaya, tana tsince shinkafa a faifai. Faifan ya karkace a hannunta, shinkafa ta zube.

"Kada ya shigo gidan nan, Hadiza."

Na ce ai saƙo kawai zai ajiye.

"In ya shigo, ni zan fita, kuma ban san inda zan tsaya ba."

Na ja kujera na zauna kusa da ita, ban taɓa ta ba. Kaji suka taru suna cin shinkafar da ta zube. Daga nan ta faɗa mini, ba ta dube ni ba har ta gama. Da rana ne, yara suna makaranta, Alhaji yana kasuwa. Dillalin ya zo da saƙo kamar yadda ya saba, ta buɗe masa, ta kawo masa ruwa. Ya fi ƙarfinta. Da zai fita ya ce in ta yi magana, maganarsa Alhaji zai gaskata, ita kuma ta rasa aurenta da 'ya'yanta. Abin ya kusa wata biyu tana ɗauke da shi ita kaɗai.

Ban san abin da ake cewa ba a irin wannan wuri. Na ce mata na ji, na yarda, kuma ba zai taka gidan ba. Washegari na roƙi Malam Isiyaku ya tare shi a tasha ya karɓi doyar, na ce mara lafiya ba ta son baƙi. Doyar nan ba mu ci ba, na bayar da ita.

Daga nan ban san ƙofar da ake bugawa ba. Allah ya sa ina da wata mai kawo mini ɗinki, Tanti Selestin, ungozomar asibiti ce, mutuniyar kudu, ni ke ɗinka mata fararen rigunan aiki. Na je gidanta a unguwar Albarika na ce wata ce na sani abu kaza ya same ta. Ba ta nemi sanin ko wace ce ba. Ta ce in kawo ta ranar da take aiki, mu wuce layi mu ce wurinta muka zo.

Ta duba Yaya a ɗaki rufe, su biyu. Bayan sun gama, Yaya ta ce a kira ni. A nan Tanti ta faɗi maganar da ta zauna mini a kai har yau, da Faransanci tana haɗawa da 'yar Hausarta.

"Kwana uku. Akwai maganin da ke tare sida, cutar ƙanjamau, kafin ta kama jiki, amma sai an fara shi cikin kwana uku. Akwai na hana ciki, shi ma da wuri ake sha. Ku mata ba wanda ya faɗa muku, shi ya sa kuke zuwa mana bayan wata biyu da sunan palu."

Ta ce ko an makara a zo, akwai sauran abin yi da yawa. Ta ce in da hali kada a wanke kayan da ke jiki, don suna zama shaida. Ni kuwa da na samu mai amsawa, sai na buɗe jakar tambayoyina. Me ya kawo wankan nan? Me ya haɗa turare da amai? Me ya sa take tsoron Malam Isiyaku da bai yi mata komai ba? Tanti ta ce jiki ne ya ga haɗari, kuma har yanzu labari bai iso masa ba cewa haɗarin ya wuce. Ta ce ba hauka ba ne, ba iska ba ce, kusan duk wadda aka yi wa haka tana yin wani abu makamancinsa, kuma yana raguwa in an samu mai saurare. Na lura Yaya ta ɗago kai a karon farko tana sauraro, kamar ana ba ta labarin wata da ta sani.

Awo ya nuna babu ciki. Akwai ciwon sanyi, aka ba ta magani, cikin mako guda zafin fitsarin ya tafi. Awon sida na farko ya fito lafiya, amma aka ce sai an sake nan gaba kafin a tabbatar. Wannan jiran shi ne mafi tsawon abin da muka yi.

Tanti ta haɗa mu da wata ma'aikaciya da ake ce wa asistant sosiyal, wadda aikinta shi ne zama da irin su Yaya. Kowane mako muna zuwa. Ni in zauna a waje, su su yi ta magana. Na so ƙwarai in san abin da suke faɗa, na tambaya sau ɗaya, Yaya ta ce yawanci ita ke magana, matar kuma ba ta katse ta. Wani lokaci ta koya mata yadda za ta ja numfashi in zuciyarta ta fara bugawa. Allah ya saka wa matar nan da alheri. Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Ɗakinta yana bakin hanyar da kowa ke bi, wanda duk ya gan ka a bencin ya san ba ciwon kai ya kawo ka ba. Rannan wata mai aiki ta leƙo ta ce da ƙarfi, ita ce ta viyol ɗin? Fyaɗe ke nan, a gaban mutane. Yaya ta yi mako biyu ba ta koma ba, sai da Tanti ta zo har gida ta lallashe ta. Masu aikin asibiti, ku ji tsoron Allah da harshenku.

Akwai kuma ciwon da asibiti bai taɓa ba. Na daɗe da ganin Yaya na sake alwala sau da yawa, kuma ta daina ɗaukar Alƙur'ani. Ashe tana ganin ta ƙazantu, sallarta ba ta karɓuwa, har tana shakkar ko aurenta na nan. Akwai wani malami a Albarika, Malam Sani, da matarsa ke koyar da mata. Ta hannun matar muka aika tambayar, ba suna. Amsar ta dawo da yamma. Ya ce wadda aka tilasta babu zunubi a kanta ko ƙwayar gero, wanka ɗaya ya ishe ta, aurenta na nan daram, nauyin duka yana wuyan wanda ya aikata. Ya ƙara da cewa a gaya mata neman hakkinta ba tonon asiri ba ne. Yaya ta sa aka maimaita mata amsar. Daga ranar randunanmu suka fara kai wa yamma.

Saura Alhaji. Ni na ji tsoron wannan fiye da awon jini. Asistant ta ce Yaya ce kaɗai za ta zaɓi ko za ta faɗa, da yaushe, da gaban wa. Ta zaɓi gidana, ta ce in zauna, Malam Isiyaku ma ya zauna, don haka sai da na fara sanar da shi. Alhaji ya zo da 'yan tsarabarsa yana fara'a. Ta faɗa masa a taƙaice. Na ga fuskarsa ta sauya kala. Ya tashi ya sa takalmi ya fita. Yaya ta ce shi ke nan, ya tafi.

Malam Isiyaku ya bi shi. Daga baya ya ba ni labari cewa Alhaji tasha ya nufa, yana neman motar Djougou, yana rantsuwa cewa dillalin ba zai ga gobe ba. Isiyaku ya riƙe shi ya ce in ya yi haka, kurkuku za ta ci shi, yara su tashi ba uba, ita kuma a ce ita ta jawo. Suka zauna a rumfar mai shayi har la'asar. Da suka dawo, Alhaji ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, bai shiga ba sai da ya nemi izini.

"Rakiya, ni na kawo shi gidan. Ke ruwa kika ba baƙo." Sannan ya juyo gare ni. "Ta ci abinci yau?"

Ba ta ci ba. Ya aika aka sayo fura, ya zauna daga nesa har ta sha.

Da maganar ta isa ga Hajiya Ladi, ta zo Parakou da kanta. Ba mugunta gare ta ba, ta yi kuka sosai. Amma ta ce a rufa, a bar wa Allah, in zancen ya fita 'yan matan gidan ba za su auru ba, kuma mutane za su ce me ya sa ta buɗe ƙofa. Yaya ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta tambaye ta ko mutumin ya zo gidan tun bayan tahowarta. Hajiya ta ce yakan zo, har ya kawo wa yara alewa. Babbar 'yar Yaya ta fara girma. Daga jin haka Yaya ta ce gobe za ta komisariya, ofishin 'yan sanda, wanda zai raka ta ya raka ta.

Alhaji ya raka ta, ni ma na bi. Ba zan ce an ji daɗi ba. Jami'in farko da muka samu ya yi ta nanata me ya sa ta yi shiru tsawon wannan lokaci, kamar shirun ne laifin. Sai da asistant ta sa baki aka haɗa mu da wata jami'a mace, ita ta ɗauki maganar yadda ya kamata. An kira mutumin, ya musa. Kafin a sake kiransa ya bar gari, an ce ya yi arewa. Har yau maganar na hannun hukuma. Ba mu samu abin da muke so ba tukuna, amma ko ya dawo ba zai shiga gidan kowa a unguwar ba, kuma 'yan kasuwar shanu sun san dalili.

Awon ƙarshe ya fito lafiya. A farfajiyar asibiti Yaya ta zauna a ƙasa ta yi ta hamdala, mutane na ratsa mu. Bayan mako guda ta koma Djougou. Ba zan ce ta warke sarai ba. Har yanzu turaren nan na tayar mata da zuciya, kuma akwai ranakun da ba ta fita kasuwa. Amma tana ci, tana barci, ta koma sarin wagashinta.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe kaɗan ne. In taku ta zo da ciwon da awo ya kasa gani, tana gudun mutanen da ta saba da su, ku nema mata mace ta duba ta a ɗaki rufe. In ta faɗa muku, ku yarda da ita kafin komai, ku kai ta asibiti a ranar. Kuma ku daina zaton sai baƙo a daji. Na gode wa Tanti, da asistant, da Malam Sani da matarsa, da maigidana da ya sha hayaniyar jinyar nan bai taɓa ɓata rai ba. Allah ya ba duk mai ciwo lafiya, na fili da na ɓoye.

Bayan komawarta, Alhaji ya je wurin limamin unguwarsu. Ban san abin da suka tattauna ba, amma liman ya yi wa maza huɗuba a kan amanar gidan mutane, ya kuma ba da makarantar Islamiyya a tara mata wata ranar Asabar. Na roƙi Tanti Selestin, muka hau mota tare zuwa Djougou. Mata sun cika ɗakin har waje, tsofaffi da masu goyo, Hajiya Ladi na gaba a kan tabarmarta, fuska a ɗaure. Yawancinsu ba su san abin da ya sami Yaya ba, sun san dai ta yi doguwar jinya a Parakou.

Sai aka rasa tafinta. Tanti Faransanci take yi, mata kuwa Dandanci, yaren garin, suka fi ji, malamar da aka shirya da ita ba ta zo ba. Ana ta kallon-kallo, Yaya ta miƙe ta ce za ta gwada. Tanti na faɗa tana juyawa. Yadda za a koya wa yara, mata da maza, cewa akwai wuraren jikinsu da ba mai taɓawa, ko kawu ne ko malami. Yadda uwa za ta saurari ɗanta in ya ce ba ya son zuwa wurin wane. Inda za a je, da abin da za a ce a bakin ƙofa. Wata tsohuwa ta tambaya, to in matar ce da kanta ta buɗe masa ƙofa fa? Tanti ta amsa cewa buɗe wa baƙo ƙofa ba yarda ba ce, matar ba ta da laifi.

Yaya ta juya zuwa Dandanci. Ta ce, na buɗe masa ƙofa, na ba shi ruwa, kuma ba ni da laifi.

Wani jariri na kuka, aka toshe masa baki da nono. Tanti ba ta jin Dandanci, ta dube ni tana tambaya da ido. Yaya na nan tsaye. Sai na ga Hajiya Ladi ta matsa gefe a kan tabarmarta, ta buga wurin da tafin hannu. Yaya ta je ta zauna, Hajiya ta miƙa mata ruwa, ta ɗaga murya ta ce wa Tanti ta ci gaba, daga zaune ma ana fassara.

Da yamma muna wanke kwanuka a tsakar gida na kasa haƙuri, na tambaye ta ko tuntuɓen harshe ta yi. Ta ci gaba da cuɗa tukunya.

"Faransancina ne ke tuntuɓe, Hadiza. Dandancina bai taɓa yi ba."